Injin haƙar dankali: amsa ga mai gona a yankin Ejura

Tambayar ta zo ne daga wani Alhaji mazaunin Aboabo a nan Kumasi. Yana da gonar dankalin Hausa mai eka 15 a yankin Ejura. 'Yan ƙwadago sun yi tsada, kuma lokacin haƙa ba a samunsu. Ya ga bidiyon wani inji yana tone dankali yana zubawa a mota, shi ne yake son sanin wane iri ya kamata ya saya, da kuma ko maƙeran Suame, unguwar maƙera ta Kumasi, za su iya haɗa masa.

Alhaji, Allah ya sa albarka a noman. Abin da ka gani a bidiyo ka ajiye shi gefe tukuna. Waɗannan manyan injina irin na kamfanin Grimme na Jamus ko AVR da Dewulf na Beljiyam an ƙera su ne don dankalin turawa, a gonaki shimfiɗaɗɗu marasa kututture, inda ake haƙa ɗaruruwan eka a kaka ɗaya. Dankalin turawa dunƙulalle ne, yana taruwa wuri ɗaya a gindin shuka, kuma idan ya ƙosa ɓawonsa na jure gogayya. Shi ma ba abin nomanmu ba ne a nan, domin yana son dare mai sanyi, ƙasa da digiri 20, kafin ya zuba 'ya'ya da kyau. Abin da ya sa ake nomansa a tsaunukan Jos ke nan, ko a Sikasso da Ouahigouya lokacin hunturu, kuma yawancin wanda ake sayarwa a kasuwar Kejetia daga waje yake shigowa. Naka dankalin dogo ne, yana karyewa, ɓawonsa kuwa ko farce ya taɓa sai ya saluɓe. Hatta a Amurka, a jihar Karolina ta Arewa wadda ta fi kowace jiha noman dankalin Hausa a can, manoma da yawa garma kawai suke sawa ta juye kunya, mutane su bi su tsince da hannu, saboda gudun rauni.

Abin da zai iya yi maka aiki iri uku ne. Na farko garmar ɗagawa ce: baki mai faɗi da ke shiga ƙarƙashin kunya, da 'yan sanduna a bayansa kamar yatsu, ƙasa ta zube ta tsakaninsu dankali ya bayyana. Babu abin da ke juyawa a jikinta, don haka babu giyabos, babu sarƙa, ba ta kuma yawan lalacewa. Aibinta shi ne tana barin wani kaso a binne, sai masu tsinta sun tona da hannu. Na biyu shi ne mai girgiza, wanda bakinsa da sandunansa ke kaɗawa gaba da baya ta hanyar sandar nan mai juyawa a bayan tarakta, wadda direbobi ke kira PTO. Na uku shi ne mai rariya: baki ya ɗago kunyar gaba ɗaya ya miƙa wa wata rariya ta sandunan ƙarfe da ke zagayawa kamar sarƙar keke, ƙasa ta tsiyaye, dankali ya faɗo a baya cikin layi ɗaya. Akwai wani tsohon iri mai yatsu masu juyawa da ke watsa dankali gefe. Wannan kada ka kusance shi, zai farfasa maka amfanin gona.

Amma kafin zaɓen inji akwai maganar da ta fi komai, kuma ita ce ke sa injina da yawa su zama tarin ƙarfe a bayan gida. Inji layi yake bi. Idan dankalinka a kan tsibi aka dasa shi irin na doya, kamar yadda aka saba a yankin Ejura da Techiman, to babu injin da zai haƙa shi, ko nawa ka saye shi. Sai kunyoyi miƙaƙƙu, masu tazara iri ɗaya daga farkon gona zuwa ƙarshenta, waɗanda tarakta ta ja, ba fartanya ba. Ko injin tumɓuke rogo na TEK da sashen injiniyan noma na jami'ar KNUST ta Kumasi ya ƙera, a kan kunya yake aikinsa yadda ya kamata. Tun ran gini tun ran zane: ranar da ake jan kunya ake yanke hukuncin ko inji zai shiga gonar.

Ga yadda lissafin yake. Tayoyin tarakta dole su bi ta kwarin kunya. Ɗauki awo daga tsakiyar tayar baya ta hagu zuwa tsakiyar ta dama. Idan ya ba ka mita 1.5, kunyoyinka su zama santimita 75 tsakani, kunya biyu a ƙarƙashin cikin tarakta. Idan mita 1.8 ne, santimita 90. Idan kana son tazarar mita ɗaya da aka fi ba da shawara ga dankalin Hausa a Ghana, da santimita 30 tsakanin dashe da dashe, wato kimanin dashe 33,000 a hekta, sai an buɗe tayoyin zuwa mita biyu, kuma ba kowace tarakta ke kaiwa nan ba. A ganina santimita 90 ta fi dacewa da taraktocin da ke yankinku, irin su Massey Ferguson 375 da 385, domin 75 ta yi wa dankalin Hausa ƙunci, ga shi faɗin tayar baya mai lamba 16.9 ya kai santimita 43, tana cin gefen kunya tana murƙushe abin da ke ciki.

A nan ne masu sayen ƙananan injinan Sin masu layi ɗaya ke shiga uku. An yi su ne don ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 20 zuwa 30, wadda tazarar tayoyinta ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, tana haye kunya ɗaya injin na bin tsakiya. Ka ɗaura shi a tsakiyar babbar tarakta mai tazarar mita 1.5, ka saita shi kan kunya ɗaya, sai ka ga taya ta hau kunyar da ke maƙwabtaka wadda ba a haƙa ba tukuna. Mafita biyu ce: ko a gusar da wurin ɗaurin injin gefe da rabin tazarar kunya, wato santimita 45 idan kunyoyin 90 ne, ko a sayi mai layi biyu, wanda shi kuma yana bukatar tarakta mai ƙarfin doki 60 zuwa sama. Ka kuma duba kaurin ƙusoshin ɗauri. Ƙananan injina na zuwa da mai milimita 22, manyan taraktoci kuwa ramukan hannayensu 28 ne. Idan ba a sa zoben cike giɓi ba, injin zai riƙa lilo yana kauce wa layi.

A bar fili na mita shida zuwa takwas a kowane kan gona don juyawa, a kuma cire kututture da manyan duwatsu tun kafin dashe. Kututture ɗaya da ya ɓuya a cikin kunya ya isa ya lanƙwasa baki ko ya tsinke rariya.

Sai batun yaɗo. Yaɗon dankalin Hausa yana da tsawo da tauri, yana sarƙewa daga kunya zuwa kunya. Idan ba a cire shi ba, cikin 'yan mitoci zai nannaɗe bakin injin da boris, ƙasa ta taru a gaba injin ya koma tura ta kawai. A sare shi da adda kwana uku zuwa bakwai kafin haƙa, a bar ɗan kututturensa kamar tsawon yatsa don direba ya riƙa ganin layi, a kwashe ganyen a fitar da shi daga gona. Masu awaki da tumaki za su karɓa da murna. Wannan tazarar kwanakin tana sa ɓawo ya ƙara tauri, saluɓewa ta ragu sosai. Kada dai a wuce mako guda, musamman idan ana ruwa, domin dankalin zai iya fara tsiro ko ruɓewa, idan kuma rani ne ƙasa ta tsage ƙwaron dankali ya sami hanyar shiga. Dankalin turawa shi ya fi bukatar jira, mako biyu zuwa uku bayan an kashe ganyensa.

Danshin ƙasa ma sai an duba. A tona zuwa inda dankalin yake, a damƙi ƙasar a tafin hannu. Idan ta dunƙule, ka danna da babban yatsa ta wargaje, lokaci ya yi. Idan ta manne kamar tuwo, za ta toshe rariya, dankalin ya fito da laka ya ruɓe da wuri. Idan ta ƙi dunƙulewa, ta bushe da yawa: bakin zai ƙi shiga, ƙasar ta fito hoge-hoge tana dukan dankali. Wanda ya dasa a babbar damina, Afrilu ko Mayu, haƙarsa na faɗowa wajen tsayawar ruwan Agusta, lokaci mai kyau. Wanda ya dasa a ƙaramar damina kuwa ya yi hanzari kafin iskar hunturu ta ƙame ƙasa a Disamba.

Domin ka fahimci saiti, ka san cewa injin nan ƙasa yake ɗauka, dankali ɗan rakiya ne. Baki mai faɗin santimita 60 da ya shiga zurfin 20, a hekta ɗaya mai kunyoyi masu tazarar santimita 90, zai ɗaga ƙasa fiye da tan 1,500. Ko ka sami tan 15 na dankali, kashi ɗaya cikin ɗari ke nan. Saboda haka ƙarin zurfin santimita biyar da babu bukatarsa yana nufin ƙarin ɗaruruwan tan na ƙasa, ƙarin mai, ƙarin wahala ga giyabos. Kafin a fara, a tona gindi goma da hannu a wurare daban-daban, a auna mafi zurfin dankalin, a saita baki ya wuce ƙarƙashinsa da santimita uku zuwa biyar. Galibi hakan na faɗowa tsakanin 20 da 25 daga saman kunya, amma awon gonarka shi ne abin bi. Karkatar bakin ta kasance wajen digiri 20. Sandar ɗauri ta sama ce ke gyara wannan: ka gajarta ta baki ya ƙara nutsewa, ka tsawaita ta ya ɗago.

Tafiya ta zama a hankali, kilomita biyu zuwa uku a awa. Ba sai da na'ura ba: a auna mita 20, a duba agogo, tarakta ta ci su cikin daƙiƙa 25 zuwa 35. Rariya kuma ta ɗan fi tafiyar tarakta sauri kaɗan. Idan ta gaza, ƙasa ta taru a baki. Idan ta yi sauri da yawa, ƙasar ta zube tun a farkon rariya, dankali ya rage yana tsalle a kan ƙarfe tsirara. Alamar saiti mai kyau ita ce ka ga ƙasa na rakiyar dankalin har kusan kashi uku cikin huɗu na tsawon rariyar, sannan ta ƙare. Akwai abin da direbobi da dama ba su lura da shi ba. Taka totur yana ƙara saurin rariya da saurin tayoyi tare, don haka dangantakarsu ba ta canzawa. Idan kana son ƙasa ta ƙara yawa a kan rariya, giya za a ƙara. Idan kana son ta ragu, a rage giya. A ƙasa mai yashi irin ta wasu sassan Ejura, a cire ƙafafun nan masu siffar ƙwai da ke girgiza rariya a sa zagayayyu, domin yashi ba ya bukatar girgiza. Faɗowar dankali daga ƙarshen rariya zuwa ƙasa kada ta wuce santimita 15 zuwa 20.

Ranar farko kada a yi gaggawa. A haƙa mita 20 a tsaya. A tsince abin da ke sama, sannan a bi da fartanya a tono abin da ya rage a binne, a kasa su kashi-kashi. Kowane irin rauni yana faɗin inda matsala take. Yanka mai santsi a ƙasan dankali na nufin baki bai yi zurfi ba. Yanka a gefe na nufin direba na kauce wa layi, ko faya-fayan injin da ke yanka gefen kunya sun matso da yawa. Saluɓewar ɓawo na nufin girgiza ta yi yawa, ko ƙasa na ƙarewa da wuri, ko ba a jira ba bayan sare yaɗo. Karyewa biyu yawanci dogon dankali ne ya soke tsakanin sanduna. Murƙushewa aikin taya ne. Binnewa kuma na nufin ƙasa ta yi yawa har tana bin dankalin tana rufe shi. A gyara abu ɗaya, a sake mita 20, har sai yankakke da karyayye sun koma ƙasa da biyar cikin ɗari. Irin da ka dasa ma yana da tasiri. Apomuden mai jan ciki, wanda cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua ta fitar a 2005, yana da ruwa-ruwa da taushi, ya fi fararen iri bukatar lallaɓawa.

Game da Suame, amsa ita ce e, amma da sharaɗi. Garmar ɗagawa aiki ne da ƙwararren mai walda zai yi maka da kyau. Ka nemi a yi bakin da ƙarfe mai tauri, kaurin milimita 8 zuwa 10, irin na sifirin ɗin babbar mota, a ɗaure shi da noti maimakon walda don a iya cirewa a wasa ko a canza. Ƙafafun da ke riƙe bakin su tsaya a wajen kunya, da fili mai yawa tsakaninsu da firam don ciyawa ta wuce. Inda aiki ke ɓaci shi ne rariya. Rodin gini ba ya yi: yana lanƙwashewa, kuma zanen jikinsa na ƙurje ɓawo. Ana bukatar sanduna masu santsi na ƙarfen sifirin, kaurin milimita 10 zuwa 12, tazarar 40 zuwa 45 daga tsakiya zuwa tsakiya, kuma tazarar ta zo daidai da haƙoran da ke jan ta, in ba haka ba za ta riƙa tsallake haƙori tana tsinkewa. Shawarata a sayo rariya da haƙoranta da giyabos haɗaɗɗu daga waje, maƙeri ya gina firam a kansu. A zura wa sandunan tiyo na roba, ko da ɗaya bayan ɗaya ne. Wanda zai sayi tsohon inji da aka shigo da shi ta tashar jiragen ruwa ta Tema ya auna faɗinsa da kansa, domin yawancin na Turai don layin santimita 75 aka yi su, ya kuma tabbatar ana samun boris da bel ɗinsa a kasuwa kafin ya biya.

Akwai wani noti a jikin sandar PTO da aka yi shi musamman don ya karye idan inji ya ci karo da dutse. Idan ya karye, a mayar da irinsa. Masu sa guntun rodi ko noti mai tauri don su huta da canji, giyabos suke sayarwa ba su sani ba. A ajiye guda goma a akwatin tarakta. Tsawon sandar ma a gwada: a ɗaga injin sama a hankali a ga ko bututun biyu sun ƙure, idan sun ƙure a rage tsawonsu, amma a bar su suna shiga juna da aƙalla kashi ɗaya cikin uku. Giris a kowane boris kullum da safe, man giya mai lamba 90 a giyabos, a duba tsaurin rariya bayan awannin farko domin sabuwa tana saki.

Wannan kuma ina roƙonka ka faɗa wa yaranka da bakinka. Sandar PTO na juyawa sau 540 a minti, sau tara ke nan a daƙiƙa ɗaya. Idan ta kama gefen jallabiya ko rawani ko zane, babu wanda zai iya tsayar da ita kafin ta nannaɗe mutum. Murfin robarta ya kasance a jiki kullum. Idan ciyawa ta toshe, a kashe tarakta a zare makulli kafin a sa hannu. Masu tsinta su bar tazara a baya, yara kuma kada su hau injin.

Yanzu lissafin amfani. Da layi ɗaya, kunyoyi masu tazarar santimita 90, tafiyar kilomita biyu da rabi a awa, hekta ɗaya na ɗaukar awa huɗu da rabi na tafiya zalla. Haɗa da juyawa da tsayawa, ka ce awa bakwai, wato yini guda. Eka 15 ɗinka hekta shida ce, aikin mako ɗaya. Injin da zai yi mako ɗaya a shekara ya kwanta ba zai mayar da kuɗinsa da wuri ba, sai in za ka riƙa bayar da shi haya, ko ku haɗu ku huɗu ko biyar masu tazarar kunya iri ɗaya. Sannan inji haƙa kawai ya ɗauke maka. Sare yaɗo, tsinta, tacewa da lodi duk na mutane ne, kuma dole su yi sauri, domin dankalin da ya daɗe a tsakar rana yana ƙonewa ya ruɓe bayan kwanaki kaɗan. A fara da asuba, a tsaya idan rana ta take, kada injin ya tsere wa masu tsinta da fiye da layi biyu ko uku.

Ka kuma yi tunanin kasuwa. Mai haƙa da fartanya yana tonowa ne daidai da abin da masu saye za su ɗauka. Kai in ka zubar da hekta shida cikin mako guda, su za su yanka maka farashi, domin sun san kayan ba ya jira. Raba gonar kashi huɗu ko biyar, a dasa da tazarar mako biyu zuwa uku tsakani, haƙa ta zo daki-daki. A zuba a akwatunan katako ko na roba maimakon manyan buhunan nan da ake cusawa har su yi kai, domin raunin da buhu da jifa a aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ke yi yakan fi na inji. Idan za a ajiye, a bar shi kwana huɗu zuwa bakwai a inuwa mai ɗumi da danshi, kusan digiri 30, a rufe da busasshiyar ciyawa da buhun algarara yadda iska za ta ɗan shiga, raunukan su warke. Zafin da muke da shi a nan ya wadatar, danshin ne kawai ake kula da shi.

Don haka a wannan kakar, idan gonar tsibi ce, a haƙa da hannu yadda aka saba. Kaka mai zuwa ka ware eka uku, ka sa taraktar da za ta yi haƙar ita ce za ta ja kunyoyin, da tazarar tayoyi iri ɗaya, a gwada garmar ɗagawa ta Suame a kansu. Lokacin da za ka je wurin maƙerin, ka tafi da awo huɗu a rubuce: tazarar tayoyin baya, faɗin taya, kaurin ramukan ɗauri, da zurfin dankali mafi nisa da aka auna a gonar. Idan gwajin mita 20 ya nuna abin da ke binnewa ya yi yawa har masu tsinta na ɓata lokaci wajen tono, sannan a yi maganar mai rariya.